Ridim: kiɗa ɗaya da mawaƙa da yawa ke hawa

Ridim shi ne sunan da mutanen Jamaika ke ba wa gangar jikin kiɗan rege da dansihol, wato ganga da amon ƙasa kaɗai, babu murya. Mai situdiyo kan naɗi kiɗan sau ɗaya, ya raɗa masa suna, sa'annan mawaƙa su zo ɗaya bayan ɗaya kowa ya ɗora baitocinsa.

Al'adar ta samo asali ne daga faya-fayen garmaho, waɗanda bayansu kan ɗauki kiɗan zalla. Daga cikin tsofaffi akwai Real Rock, wanda aka naɗa a Studio One na Coxsone Dodd a 1967, da Stalag na Winston Riley a 1973. A kan Stalag ne Sister Nancy ta yi "Bam Bam" a 1982, Tenor Saw kuma ya yi "Ring the Alarm" a 1985.

A 1985 ɗin ne kuma Sleng Teng ya sauya harkar. Wayne Smith da Noel Davey sun tsinci kiɗan a cikin wani ɗan fiyano mai araha, Casio MT-40, King Jammy ya gyara shi a situdiyonsa da ke Kingston. Ɗaruruwan waƙoƙi suka biyo baya, makaɗan hannu da dama kuwa kasuwarsu ta ja baya, domin na'ura ba ta neman kuɗin aiki.

Ga mutumin Jega ko Aliero, abin ba baƙo ba ne. Kiɗan noma da na mahauta da na dambe kowanne yana da zubinsa, kuma duk makaɗin da ya iya kalangu yana da damar ɗora waƙarsa a kai. Muhammadu Gambu, mutumin Fagada ta ƙasar Maiyama, da kalangu ya yi waƙoƙin ɓarayin da suka ɗaukaka shi, kalangun da Ɗan'anace ya wasa 'yan dambe da shi. Sai dai a ƙasar Hausa take na wanda aka yi wa ne, ɗan dambe ko basarake, alhali a Jamaika kiɗan na mai situdiyo ne.

Nan ne rigimar kuɗi take. Mawaƙi kan karɓi ladan rana ya tafi, ribar faifai ta zauna wa mai kiɗa. Sister Nancy ta shafe fiye da shekara 30 ba ta karɓi kaso daga "Bam Bam" ba, sai bayan da ta ji waƙar a tallar Reebok a 2014 ta nemi haƙƙinta. Matasan da ke sayen kiɗan fiyano a situdiyo a Birnin Kebbi ko Kano suna cikin irin wannan hali idan babu rubutacciyar yarjejeniya, ko da yake Nijeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023.