Riƙo ya girmi ofishinmu

Tun kafin a san fayil a ƙasar Hausa ake yaye yaro a kai wa kaka, ko a bai wa gwaggon da Allah bai nufe ta da haihuwa ba, ta riƙe 'ya har ta yi mata kayan ɗaki. Mu ma'aikatan jin daɗin jama'a tarar da abin muka yi yana tafiya, kuma mun daɗe ba mu san ta inda za mu sa masa hannu ba.

Dalili kuwa, ba don riƙo aka kafa aikinmu ba. Dokar Yara da Matasa da Turawa suka yi a Legas a 1943, wadda Jihar Arewa ta yi irin tata a 1958, ta fi mayar da hankali kan yaron da ya yi laifi ko yake gararamba a titi. Shi ya sa gine-gine muka gada, irin gidan gyaran hali na Goron Dutse da gidan yara na Nassarawa a Kano. Aka tsinci jariri, mai unguwa ya sanar da 'yan sanda, a duba shi a asibiti, sai a miƙo mana.

Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala ta Musulunci a sashe na 20, kuma wannan ya sauƙaƙa mana magana da malamai. Duk da haka dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta daɗe ba ta samu karɓuwa a Arewa ba, saboda batun shekarun aure da na mayar da ɗan wani naka. Kano sai a 2023 ta samu tata. A kafala yaro yana nan da sunan mahaifinsa, ba ya cin gadon mariƙinsa, amma ana iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Mun sha zaunar da magidanci muna roƙonsa ya rubuta wannan wasiyya tun yana da rai, don ranar rabon gado ba kowa ke tunawa da ɗan riƙo ba.

Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya nuna cewa babu ginin da zai ɗauke marayun Borno. Gidajen talakawa ne suka buɗe ƙofa. Daga nan bibiya ta zama rabin aikin. Idan na je gida, ina duba inda yarinya take kwana, ko makarantarsu ɗaya da 'ya'yan gidan, da kuma wanda ake ɗora wa farantin talla. A gaban mariƙiya kowace yarinya "lafiya lau" take cewa, sai mun keɓe a zaure bakinta yake buɗewa. Sau da yawa ba mugunta ba ce, babu ce, kuma tallafin kuɗin makaranta ko na magani ya isa ya hana a dawo mana da ita.

Inda har yau muke da sauran aiki shi ne bayan shekara 18. Saurayin da aka tsinta yana jariri zai nemi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma kafin ya shiga jami'a ko ya samu aikin gwamnati, budurwa kuma dangin manemi za su zo tambayar asali, a nemi waliyyi. Yawancinsu wajenmu suke dawowa, mu muke raka su gaban hakimi da alƙali.