Lokutan Tsere da Koyar da Jeranta Lambobi Masu Ɗigo: Nazari Don Makarantun Sharaɗa, Challawa da Bompai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin amfani da lokutan tseren gudu wajen koya wa ɗalibai kwatanta lambobi masu ɗigo da jeranta su. An ɗauki lokutan da aka tabbatar a manyan gasanni, aka auna su da kurakuran da masana suka gano a tunanin ɗalibai. Nazarin ya nuna cewa lokutan na iya rufe kuskuren ɗalibi idan malami bai zaɓe su da lura ba, kuma darasin ba ya cika sai an haɗa shi da irin awon da ake yi a masana'antun Kano.

Gabatarwa

Yaron da ya tashi a kusa da Sharaɗa, ko Bompai, ko kamfanonin jima na Challawa, akwai yiwuwar gobe a miƙa masa ma'aunin kauri a ce ya karanta. A can lamba mai ɗigo ita ce aikin. A da kuɗi kan taimaka wa malami, domin tun 1973 naira ɗaya kobo 100 ce. Yau kobo ya ɓace daga hannun jama'a, yaro bai taɓa riƙe shi ba, don haka dole a nemo wani misalin. Tsere ya dace, tunda kowane yaro ya san ma'anar wani ya riga wani.

Kurakuran da aka sani

Resnick da abokan aikinta a 1989, sannan Steinle da Stacey na Jami'ar Melbourne a ƙarshen shekarun 1990, sun bayyana kurakurai biyu. Wani ɗalibin yana ɗauka cewa lambar da ta fi tsawo bayan ɗigo ita ce babba. Wani kuma yana ganin gajeriyar ce babba, saboda ya ji an ce kashi ɗaya cikin ɗari bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Nazarin lokutan

A tseren mita 100 na Berlin a 2009, Usain Bolt ya yi daƙiƙa 9.58, Tyson Gay 9.71, Asafa Powell 9.84. Ɗalibin da ke da kuskure na farko zai jera su daidai ba tare da ya fahimci komai ba: zai rufe ɗigon, ya kwatanta 58 da 71 da 84. Haka zai yi da 12.12 da Tobi Amusan ta Nijeriya ta kafa a tseren tsallake shinge a Eugene a 2022, wadda ta shafe 12.20 na Kendra Harrison. Matsalar ita ce agogon lantarki yana ba kowa gurbi biyu bayan ɗigo, tsawon ya zo ɗaya, kuskuren ya kwanta lafiya.

Ana tono shi ne da lokutan da tsawonsu ya bambanta. A 1968 an auna wa Jim Hines 9.9 da agogon hannu a Sacramento. A 2006 Olusoji Fasuba ya yi 9.85 a Doha. Masana wasanni ba sa daidaita awon hannu da na lantarki, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibai haka, amma a matsayinsu na lambobi sun isa gwaji.

Nan ne wurin da ya fi buƙatar hankalin malami. A tsere, ƙaramar lamba ce ke cin gasa. A ce ɗalibi yana ganin 9.85 ta fi 9.9 girma domin 85 ta fi 9, kuma yana ganin mai babbar lamba ne ya yi nasara. Idan aka tambaye shi wa ya fi sauri, zai ce Fasuba, malami ya ba shi maki. Kuskure biyu sun haifar da amsa daidai. A ganina wannan ya fi amsar da ba daidai ba haɗari, domin babu wanda zai koma kan yaron. Saboda haka a raba tambayar gida biyu: wace lamba ce babba, sannan wa ya riga isa. A sa ɗalibi ya rubuta 9.9 a matsayin 9.90, ya jera ɗigo ƙarƙashin ɗigo, ya kwatanta gurbi-gurbi daga hagu, yana karantawa "tara ɗigo takwas biyar".

Gurbi na uku kuwa gasar Olamfik ta Paris a 2024 ta ba da misalinsa. Noah Lyles da Kishane Thompson duka an rubuta musu 9.79. Da aka duba hoton ƙarshen tsere, Lyles na da 9.784, Thompson 9.789. Ɗalibi zai ga cewa tsakanin 9.78 da 9.79 akwai wasu lambobin, kuma lambar zinare ta rataya a kansu.

Daga fili zuwa masana'anta

A masana'anta babba ba ta cin gasa, ƙarama ma haka. Abin nema shi ne lamba ta faɗa tsakanin iyaka biyu. A ce mai saye ya nemi fata mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4. Ma'aikaci ya matse bakin ma'auni a kan fatar, ya karanta 1.25. Idan yana tunanin 25 ta zarce 4, zai ware fata mai kyau ya ce ta yi kauri, a mayar da ita inji a ƙara rage ta har ta lalace. Mai ɗaya kuskuren kuma zai ce 1.25 ba ta kai 1.2 ba.

Don haka maƙalar tana ba da shawarar a bi darasin tsere da aikin layin lamba: a zana 1.2 da 1.4 a allo, a raba tsakaninsu gida 20, a ba ɗalibai 1.25 da 1.3 da 1.15 da 1.405 su sanya kowace a mazauninta, su faɗi fatar da za a karɓa da dalilin karɓarta.