Fim ɗin Ban Tsoro da Kalmomin Tsoro na Hausa, 2013 zuwa 2023: Misali daga Ƙasar Bagudo

Nufina a cikin wannan takarda shi ne in bi sawun irin fim ɗin nan da masu kallo su ke kira na ban tsoro, in nuna yadda ya sake kama a cikin shekara goma, watau daga 2013 zuwa 2023, da kuma abin da ya yi wa kalmomin da Bahaushe ya ke ambaton abin tsoro da su. Kano ita ce cibiyar shirya fim, kowa ya sani. Amma na ɗauki Bagudo ta Jihar Kebbi don misali, gama a bakin iyaka ne a kan fi ganin yadda harshe ya ke karɓar baƙo.

Ƙasar Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, kogin Kwara ya ratsa ta, ta yamma kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda a ke kira Dahomi kafin 1975. Daga cikin garuruwanta akwai Illo da Lolo da Ka'oje da Zagga da Tsamiya. Illo tsohuwar sarauta ce ta Bargu, 'yar'uwar Nikki da Busa. Sa'ad da Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyarsu ta 1898 sai suka tsaga Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila. Layin ya raba mulki, bai raba dangi ba. Har yau Dandawa da Busawa da Kyangawa da Fulani da Zabarmawa suna zaune ta kowane gefe, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa. Kowace al'umma da nata abin tsoro. Sarkawa suna kiyaye 'yan ruwa, masu harshen Dandi da Zabarma sun san Harakoy Dikko, uwar ruwan Kwara, suna kuma da kalmar cerkaw, wadda ta yi kusa da maye na Hausa.

Kafin mu shiga zancen fim, wajibi ne mu tuna Bahaushe bai taɓa zuba abin tsoronsa a ƙwarya ɗaya ba. Dodo na tatsuniya ne. Ƙato ne mai haɗiye mutane, amma wawa ne, Gizo ya kan yaudare shi, Auta ya kan kashe shi, wanda ya karanta tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara daga 1911 zuwa 1913 ya ga haka. Shi ya sa sunansa ya yi arha, har a ke cewa dodon gona da dodon koɗi da dodon kunne. Aljani halitta ne da Alƙur'ani ya tabbatar, akwai Musulmi a cikinsu akwai kafiri. Iskoki na bori ne, kowane da sunansa da kirarinsa da abin da ya ke so, kamar yadda Tremearne ya rubuta a 1914, Greenberg kuma ya rubuta a 1946 game da Maguzawan Kano. Maye mutum ne maƙwabci, mai ƙanƙara a ciki, kurwa ya ke kamawa, maganinsa kuwa a sa shi ya tsallake majinyacin. Fatalwa ita ce mafi rauni duka, domin malamai sun ce wanda ya mutu ba ya dawowa.

Hoto mai motsi shi kansa da sunan tsoro ya shigo. Majigin da gwamnatin Turawa ta riƙa yawo da shi gari gari an yi masa laƙabi da dodon bango. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, fina-finan Indiya suka biyo baya, a cikinsu har da Nagin na 1976, labarin macijiya mai rikiɗa ta zama mace. Da bidiyo ya zo, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990. A kudu kuma Living in Bondage na 1992 ya kafa labarin mutumin da ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, Nneka the Pretty Serpent ya biyo a 1994, Karishika a 1996. Daga wannan zamani ne maganar 'yan shan jini da kuɗin tsafi ta yi ƙarfi a bakin mutane.

Akwai wani abu da ya faru a Kano wanda a ganina ya fi waɗannan duka tasiri. Wajen ƙarshen 1995 aka yi ta samun 'yan mata a makarantun sakandare suna faɗuwa, aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuka. Masu ruƙiyya suka yi suna a kan wannan, boka da ɗan bori suka ja baya. Bayan an kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, mai shirya fim ya gane hanyar da za ta fisshe shi ita ce ya bar mugu ya yi ta ɓarna, daga ƙarshe malami ya zo da addu'a ya karya shi. Matthias Krings ya yi rubutu a 2005 a kan finafinan wannan lokaci waɗanda suka mai da arna masu shan jini. Wannan shi ne ginshiƙin da shekarun da mu ke magana a kansu suka tarar.

Abu na fari da ya sake bayan 2013 shi ne hanyar da fim ya ke bi. Faifai ya mutu, wayar hannu ta gaje shi. Yaro ya kan je rumfar masu tura fim a kasuwa, ya biya 'yan kuɗi kaɗan, a cika masa memori, sa'an nan ya tura wa abokinsa kyauta. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, 'yan fim na Kano kuma suka koma shiri mai dogon zango, irin Izzar So da Labarina na 2020. Galibin waɗannan na soyayya ne da gado da mulki, saboda haka mai son tsoro sai ya nema a waje. Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka tsare shinkafa da fetur, amma babu ɗan kwastan da zai iya tsare abin da ke cikin waya.

Na wajen kuwa da Hausa ya iso. Masu fassara, irin su Algaita a Kano, sun ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya da na wasu ƙasashe, har wanda bai taɓa shiga aji ba ya iya bin labari. A Indiya macijiya ta dawo a talabijin da shirin Naagin a 2015, Stree da Tumbbad suka fito a 2018. A Amurka The Conjuring na 2013 ya haifi jerin finafinan gida mai aljanu da mai korarsu. Get Out na 2017 da Hereditary na 2018 sun mai da tsoron ya koma kan wariyar launi da baƙin cikin iyali, masu sharhi suka yi ta yabo. Ni dai ina ganin irin na farko ne ya dace da idon Bahaushe, gama yarinya mai magana da muryar namiji da mai karatu a kanta ba baƙon abu ba ne gare shi, sai dai littafin da a ke karantawa ya bambanta.

A kudancin Nijeriya C.J. Obasi ya yi Ojuju a 2014, aka yi ci gaban Living in Bondage a 2019, aka sake shirya Nneka a 2020. Amma wanda ya shafi zancenmu shi ne Mami Wata na Obasi, wanda aka ɗauka a kudancin Benin, ba launi sai fari da baƙi, ya kuma ci kyauta a bikin Sundance na 2023. A cikinsa uwar ruwa ba shaiɗaniya ba ce, ita ce ke riƙe da gari. Basarken Lolo zai gane wannan da sauri fiye da ɗan birni. Sai dai a lura, Nijeriyawa da yawa in an ce Benin sai su tuna tsafin bakin teku, alhali maƙwabtan Bagudo, watau mutanen Segbana da Kandi da Malanbil na lardin Alibori, galibinsu Musulmi ne, kuma dangin mutanen Illo ne.

To, ga inda harshe ya shigo. Mai fassara yana da ɗan lokaci kaɗan, bakin ɗan wasa kuma ba ya jiransa. Ya ga gawa mai tashi, ko mai dogayen fiƙa, ko matar da ta mutu ta dawo ramuwa, ba shi da kalmar kowane, sai ya jawo wadda ta fi kusa. Da haka aljani ya haɗiye iska da fatalwa, ya kuma zama mugu kullum. Dodo ya bar wautarsa ya zama duk wata mummunar halitta. Maye ya bar kurwa ya koma shan jini. Sakewar ma'ana ba laifi ba ce a harshe mai rai, kuma ba na cikin masu kuka da ita. Amma ta maye dabam ce, domin Dodo ba shi da gida a unguwa, maye kuwa sunan da a ke laƙa wa tsohuwa ne mai ɗaki a bayan namu. Dā in an zarge ta tsallake a ke nema. Yaron da ya tashi yana ganin ana ƙone maye a fim ba tsallake zai nema ba. Dokar Final Kot, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta hana a kira mutum maye, amma kaɗan ne suka san da haka.

Malamin da ke koyar da tatsuniya a kwalejin horon malamai zai iya gwada wannan a aji. Ya sa kowane ɗalibi ya rubuta ma'anar dodo da aljani da iska da maye da fatalwa kafin a buɗe littafi, sa'an nan a gwama da abin da Bargery ya rubuta a 1934, da Abraham a 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Dukansu uku sun riga wannan zamani fitowa. In ɗaliban 'yan Bagudo ne, a ƙara tambayarsu da wane suna kakanninsu su ke kiran waɗannan abubuwa da Dandanci ko Busanci ko Fulatanci, a rubuta amsar kowa tare da sunan garinsu.