An Dawo Da Darasin Tarihi, To Wane Iri Za A Koyar?

Jama'a, tunda a watan Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa darasin Tarihi ya zama dole daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, nake ta ganin murna a nan Facebook. Ni ma na yi murnar. Tun wajen 2009 aka cire shi daga manhajar ƙananan makarantu, aka bar ɗan gutsurensa cikin darasin zamantakewa, wanda aka fara gwada shi a makarantar Aiyetoro da ke jihar Ogun ta yanzu a 1963, da taimakon Amurkawa. Amma ni abin da ke damuna shi ne yadda za a koyar da shi.

Bari in tuna mana da mutum biyu.

Na farko Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya koyar a Ibadan, ya koma Zariya a 1962 ya jagoranci sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya musulunta, ya kuma kafa Arewa House a Kaduna a 1970. A waccan shekarar ya fitar da wata maƙala kan yadda ƙasashen Hausa suka kafu. Duk mun taso da labarin Bayajidda: baƙo ya zo Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, zuriyarsa ta kafa Hausa Bakwai. Smith bai ce a jefar da labarin ba. Tambayarsa ya yi. In baƙon ya tarar da gari, da rijiya, da sarauniya a kan gado, ashe akwai mulki kafin zuwansa ke nan? Daga nan ya karkata ga noma, da ƙira, da kasuwa, da ganuwa, yadda ƙauye ke zama gari, gari ya zama birni.

Na biyu ɗalibinsa, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman. Mutane sun fi saninsa da gwagwarmaya, sun manta cewa malamin sakandare ne tun farko, a Kwalejin Barewa ta Zariya ya riƙe alli kafin ya shiga jami'a. Da ya zo rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, bai tsaya kan rubutun Turawa ba, ƙafa ya taka ya zauna da dattawa, ya karanta takardun Larabci. Hatta Heinrich Barth, matafiyin Jamus da ya ratsa Katsina a 1851, bai ƙyale shi ba: wa ya ba shi labari, a gidan wa ya sauka, me ya gani da idonsa, me aka faɗa masa kawai?

Wallahi wannan dabarar ba sai a jami'a ba. Yaro ɗan shekara sha biyar zai iya. Ni a makarantar da na yi, malaminmu shigowa yake ya cika allo da sunayen sarakuna da shekaru, mu kwafe, ran jarrabawa mu amayar. Shekara uku muna wucewa ta gindin ganuwa kullum, ko sau ɗaya ba a ce mu ɗaga kai mu dube ta ba. Ba na ganin laifinsa sosai, aji ɗaya mun fi tamanin, shi kuma ba fanninsa ba ne, cike gurbi aka sa shi.

Malam, Malama, kai da ke aji yanzu, ba sai kun jira littafi daga Abuja ba. In a Kano kake, ga Dala, ga Kasuwar Kurmi, ga Marinar Ƙofar Mata. In Katsina ce, ga hasumiyar Gobarau. In ƙauye ne, ai akwai tsohuwar da ta san dalilin sunan unguwarsu. Tura yara uku wurin tsofaffi uku su tambayo yadda aka kafa garin. Za su dawo da labari uku da ba su yi daidai da juna ba, kuma a nan darasin yake farawa: me ya sa suka saɓa, wa ke da riba in aka yarda da wannan?

Na san wasu za su ce hakan zai koya wa yara musu da manya. Ni na fi tsoron yaron da zai ga bidiyon minti biyu a TikTok kan jihadin 1804, ko kan juyin mulkin 1966, ya haɗiye shi ɗungurungum don ba a taɓa koya masa ya ce "wa ya faɗa?" ba. Irin waɗannan yaran ne muke gani kullum suna zagin kakannin juna a ƙarƙashin rubuce-rubucenmu.

Malaman da ke bibiyata, a makarantarku an kawo malamin Tarihi, ko dai na zamantakewar aka ƙara wa kaya?