Wadar Zuci a Bakin Kilomita Biyar

Duk Bahaushen da fatauci ya taɓa kai shi Bangui ya san Kilomita Biyar, unguwar da ake taƙaita sunanta da PK5. Nan ne cibiyar cinikin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi suka yi kaka-gida tun zamanin Faransa, nan kuma masallacin Koudoukou yake. A bakin unguwar akwai cocin Katolika ta Fatima, wadda limaman ƙungiyar Comboni suke riƙe da ita. Sau biyu aka zubar da jini a harabarta. Ranar 28 ga Mayun 2014, lokacin da take cike da 'yan gudun hijira, 'yan bindiga suka kashe mutane, cikinsu har da Fada Paul-Emile Nzale. Ranar 1 ga Mayun 2018 aka sake afka mata ana tsakiyar sujada, Fada Albert Toungoumale-Baba ya rasu tare da masu ibada da dama. A nan nake so in gwada da'awar da Kiristoci suke yi, cewa bangaskiya ga Almasihu tana ba mutum wadar zuci mai ɗorewa, domin da'awar da ba ta tsaya a wuri irin wannan ba, ba ta cancanci a yi wa'azinta ko'ina ba.

Sai mu fara da kalmar. Inda Manzo Bulus ya yi wa Filibiyawa zancen gamsuwa da halin da yake ciki, kalmar Helenancin da ya ɗauko ta masu falsafar Sitoyik ce, kuma a wurinsu tana nufin mutum ya isar wa kansa, ya kashe sha'awa har abin duniya ya daina taɓa shi. Bulus ya riƙe kalmar amma ya sauya mata tushe. Daga kurkuku ya rubuta wasiƙar, bai kuma jingina isarsa ga ƙarfin halinsa ba, ya jingina ta ga Ubangijin da yake ƙarfafa shi. Ya ce abin koyo ne, ya koye shi cikin ƙoshi da cikin yunwa. Hausa ta fi Helenanci dacewa da nufinsa. Wadar zuci wadata ce, dukiya ce da take zaune a ciki, kuma mawadaci shi ne mai abin bayarwa. Maƙwabtanmu Musulmi suna da ƙana'a, kalmar da ta zo mana daga Larabci, ba kuwa haɗari ba ne da al'ummomin biyu suke gane juna a kan wannan batu fiye da yadda suke gane juna a kan wasu.

Ga yadda abin ya bayyana a aikace. 'Yan tawayen Seleka sun kama Bangui a watan Maris na 2013 suka kori Shugaba François Bozizé. Ranar 5 ga Disamban wannan shekarar mayaƙan anti-balaka suka shigo birnin, aka shiga farautar Musulmi gida-gida, dubun dubata suka tsere zuwa Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka takure a Kilomita Biyar. Kafofin labarai sun riƙa kiran anti-balaka mayaƙan Kirista, amma wanda ya dubi hotunansu zai ga wuyansu da ƙugunsu maƙare da layu na kare harsashi. Wannan shaida ce ta zuciyar da ba ta sami inda za ta kwanta ba. Mai tsoro ba ya ƙoshi da kariya, kullum sai ya ƙara laya, sai ya ƙara gawa.

A daidai wannan lokaci Babban Bishop Dieudonné Nzapalainga ya ɗauki Imam Oumar Kobine Layama da iyalinsa ya ajiye su a gidansa watanni. Su biyun da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou suka yi ta zaga ƙasar suna kashe wuta. A Bossemptélé, Fada Bernard Kinvi, ɗan Togo, ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan. A Bangassou, cikin Mayun 2017, Bishop Juan José Aguirre ya tattara kimanin Musulmi 2,000 a makarantar horar da limaman coci. Ba na cewa waɗannan mutane ba su ji tsoro ba. Abin da nake cewa shi ne tsoron bai zama mai gidansu ba. Wanda ya gaskata cewa ransa yana hannun da adda ba ta kaiwa, yana iya buɗe ƙofa ga wanda kowa ya rufe wa. Wannan ita ce hujjata: ana auna wadar zuci ta Kirista da abin da mutum ya iya saki.

Shi ya sa wa'azin arzikin da ya cika majami'u daga Legas zuwa Kinshasa yake ba ni takaici. Yana sayar wa talaka laya ce da sunan Yesu, ya ce in ka ba da baiko mota za ta zo. Matar da ta binne ɗanta bayan sujadar 1 ga Mayu ba ta da abin ɗauka a ciki.

Akwai suka mai nauyi da ba zan kauce mata ba. Ƙasar nan tana da lu'ulu'u da zinariya da katako, amma tana cikin na ƙarshe a duniya wajen jin daɗin rayuwa. Gaya wa mutanenta su wadatu, ashe ba taimaka wa masu wawure ta ba ne? Lalle an sha amfani da haƙuri a matsayin takunkumi. Amma tarihin ƙasar da kansa yana ba da wata amsa. Barthélemy Boganda, ɗan ƙasa na farko da aka naɗa limamin Katolika a 1938, shi ne ya jagoranci yaƙi da aikin tilas na 'yan mulkin mallaka, ya bar wa jama'arsa take da harshen Sango, zo kwe zo, wato kowane mutum mutum ne. Wadar zuci dabam, mutuwar zuciya dabam. Ta farko tana hana kwaɗayi, ba ta hana neman haƙƙi.

Sukar da ta fi damuna daga cikin gida take. Fafaroma Francis ya buɗe Ƙofa Mai Tsarki a babbar cocin Bangui ranar 29 ga Nuwamban 2015, washegari ya shiga masallacin Koudoukou, Imam Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi, mutane suka yi zaton rikicin ya ƙare. Shekara biyu da rabi bayan haka, da aka kashe Fada Toungoumale-Baba, fusatattun mutane suka ɗauki gawarsa suka nufi fadar shugaban ƙasa, a ranar kuma aka huce a kan Musulmin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Cikin masu ramuwar akwai waɗanda aka yi wa baftisma, masu zuwa coci kowace Lahadi. Ke nan baftisma ba ta zuba wadar zuci a mutum kamar yadda ake zuba ruwa a tulu. Bulus ya ce koyonta ake yi, kuma ikkilisiyar da ta koya wa mutane waƙa da baiko ta bar su da tsoronsu tana da alhaki a jinin ranar. Nzapalainga, wanda ya zama Kadinal a 2016, ya fito ya roƙi jama'a kada su rama. Wasu sun ji. Su ne suka jira har Fabrairun 2021, lokacin da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta fara shari'ar Alfred Yekatom da Patrice-Edouard Ngaïssona, jagororin anti-balaka, kan abin da aka yi wa maƙwabtansu Musulmi.