Amino Asid Ɗaya Cikin 146: Tarihin Gano Tushen Cutar Sikila

A shekarar 1910 likita James Herrick na birnin Shikago ya ba da bayanin jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje da aka gani a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Giranada. An shafe kusan shekara arba'in ana ganin wannan lanƙwasa ba a san musabbabinta ba. Sai a 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka ratsa lantarki ta cikin ruwan himogilobin, wato furotin ɗin da ke dakon iskar oksijin, suka ga na mai sikila ba ya tafiya daidai da na mai lafiya. Ke nan cajinsu ya bambanta. Inda bambancin yake kuwa, ba su iya nunawa ba.

A lokacin masana ba su ma gama yarda cewa kowane furotin yana da tsayayyen jerin amino asid ba. Frederick Sanger ne ya raba gardama, da ya kammala karanta guda 51 na insulin a 1955.

Shekara guda bayan haka, a Kambirij, Vernon Ingram ya daddatsa himogilobin da sinadarin tirifsin zuwa gutsattsari kusan 30, ya baje su a kan takarda da taimakon lantarki da ruwan narkarwa. Ɗigo ɗaya tak ya sauya wuri. A 1957 ya tabbatar da cewa balin ne ya maye gurbin gulutamik asid, a wurin da daga baya aka tantance shi ne na shida a sarƙar beta mai amino asid 146. Gulutamik asid yana ɗauke da caji, yana kuma jituwa da ruwa. Balin kuwa gudun ruwa yake yi. Da zarar oksijin ya ragu, sai balin ɗin ya maƙale a wani gurbi na himogilobin maƙwabcinsa, su sarƙafu su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke tanƙware ƙwayar jinin.

An fi ambaton Pauling, amma aikin Ingram ne ya fara nuna cewa sauyin gado na iya taɓa amino asid guda kawai. A 1958 shi da John Hunt suka gano cewa himogilobin C, wanda ya yawaita a arewacin Ghana da Burkina Faso, a wannan wuri dai ya sauya, sai dai laisin ne ya zauna a can maimakon balin.