Tarika Tsakanin Sadaka da Kasuwa: Tarihin Sarrafa Kayan Mamaci a Potiskum da Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan mutum ya rasu a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, akan gama jana'izarsa cikin sa'o'i kaɗan, amma kayan da ya bari sukan yi watanni, wani lokaci shekaru, kafin a san makomarsu. Wasu a bayar da su sadaka, wasu a kai su kasuwa, wasu kuma a miƙa wa magada yadda suke. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin sadaka da sayarwa a wannan fage, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau, tare da ɗaukar garin Potiskum na Jihar Yobe a matsayin misali. Abin da za a nuna shi ne, duka hanyoyin biyu sun kasance ƙofofin da haƙƙin mata da marayu yake zurarewa a duk lokacin da aka gabatar da su kafin lissafi, kuma kalmomin da Hausa take amfani da su a fannin suna ɗauke da tarihin wannan ja-in-ja.

2.0 Potiskum da Dogo Nini

Potiskum gari ne na Ngizim da Karekare da Bolewa, wanda ya bunƙasa bayan da aka mayar da hedikwatar masarautar Fika can a shekarar 1924. Kasancewarsa a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga kuma hanyoyin Bauchi da Gombe, ya jawo Hausawa da Barebari da Fulani, har Hausa ta zama harshen kasuwa da na cuɗanya tsakanin ƙabilun garin. Sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar ma suna nuna haka, domin akwai Bolewa da Hausawa da Barebari, ga Dogo Tebo da Dogo Nini. An san garin da kasuwar shanu wadda take cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, da kasuwar hatsi, da kuma sana'ar manyan motocin ɗaukar kaya. Saboda haka dukiyar da magidancin Dogo Nini yake bari takan haɗa da gida da dabbobi da mota da bashi a hannun abokan ciniki, wato abubuwan da ba sa rabuwa sai an mayar da su kuɗi.

3.0 Kalmomin Fannin

Kalmar gado ta Hausa ce. A rubutun yau da kullum ba ta da bambanci da gadon kwanciya, amma a furuci ta gadon dukiya tana da dogon wasali a gaɓar farko da karin sauti sama-ƙasa, ta kwanciya kuwa gajeren wasali ne da karin sama-sama. Sauran kalmomin ƙa'ida kusan duk daga Larabci aka aro su ta hanyar makarantun ilimi. Akwai tarika, wato jimlar abin da mamaci ya bari, da wasiyya, da baitulmali, da sunayen kaso irin su tumuni da sudusi da rubu'i da sulusi. Ushira ta samo asali ne daga kalmar Larabci mai nufin ɗaya cikin goma. A ɓangaren kasuwa, dillali da la'ada su ma Larabci ne, amma gwanjo ana danganta ta da kalmar Yarabanci gbanjo, ita ma mai nufin sayarwa ga wanda ya fi taya kaya. Ke nan kowane rukunin kalmomi yana nuna hannun da ya taɓa shiga dukiyar mamaci: na dangi, da na malami, da na hukuma, da na ɗan kasuwa.

4.0 Kafin Zuwan Turawa

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa da Barno, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun jera yadda ake fitar da haƙƙoƙi daga tarika. Bayan haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar jingina, sai kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan magada. Idan babu magaji, ko aka sami rara bayan masu kaso sun karɓa kuma babu asaba, asalin mazhabar ya ba baitulmali.

Wannan ƙofa ta baitulmali ita ce sarakuna suka faɗaɗa. A cikin Kitabul Farƙi, wanda Mervyn Hiskett ya buga da fassararsa a 1960, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ƙwace dukiyar wanda ya mutu a cikin zaluncin sarakunan Haɓe, ya kuma nuna cewa da sunan gado suke yin haka. Wannan shaida ce cewa tun kafin jihadin 1804 kalmar ta riga ta sami ma'ana ta biyu, wato rabon mai mulki a dukiyar talakansa.

Wani abin lura a wannan zamani shi ne darajar tufafi. Lokacin da Heinrich Barth ya isa Kukawa a 1851, ya tarar ana ciniki da gabaga, wato ƙyallayen saƙa, da kuma riguna a matsayin kuɗi, domin wuri bai daɗe da shiga Barno ba. Potiskum tana tsakanin Barno da ƙasar Hausa. Don haka a wancan lokaci rigar saƙi ko ta tsamiya ajiya ce kamar dabba, kuma bayar da rigunan mamaci sadaka daidai yake da bayar da wani yanki mai kauri na dukiyarsa.

5.0 Zamanin En'e da Ushira

Bayan Turawan Ingila sun mamaye Barno a 1902 da Sakkwato a 1903, sun bar rabon gado a hannun alƙalai ƙarƙashin dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906. Lugga da kansa ya lissafa gado a cikin harajin da ya tarar sarakuna suna karɓa. Abin da ya tabbata a aikace shi ne ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na tarikar da kotu ta raba. Da aka kafa baitulmalin En'e a masarautu wajen 1911, aka sa wa alƙalai albashi, sai kuɗin kotu suka koma shiga asusun hukuma.

Wannan tsari ya haifar da abubuwa biyu. Na farko, tunda ba a iya cire ushira daga saniya ɗaya ko riga ɗaya, tilas a yi wa kowane abu kuɗi. Muhutin alƙali da mai unguwa, ko bulama kamar yadda ake kiransa a ƙasar Barno, su ƙirga kaya, dillalai su kimanta, abin da bai rabu ba a sayar. Na biyu, dangi suka sami dalilin rage abin da zai isa gaban alƙali. Kayan da aka riga aka bayar sadaka ba sa shiga lissafi, haka ma abin da babban wa ya ce nasa ne ya ba marigayi aro. Asarar hukuma a nan kaɗan ce idan aka kwatanta da ta matar da take takaba a cikin ɗaki har wata huɗu da kwana goma, ba ta ganin abin da yake fita ta zaure.

6.0 Sadakar Kayan Mamaci

A wurare da dama al'ada ce a ba wanda ya yi wa gawa wanka wani abu daga tufafin mamaci, a raba saura ga malamai da almajirai da mabuƙata, a kai buzu da buta da Alƙur'ani masallaci. Dalilan a fili suke: neman lada ga wanda ya tafi, da kuma nauyin da iyali suke ji na ganin rigar mahaifinsu a rataye. Bugu da ƙari, akan yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, inda ake raba gumba da waina da kuɗi, kuma sau da yawa daga hatsi da dabbobin mamacin ake ɗebowa.

Shari'a ba ta ƙi kyauta a wurin rabo ba, domin aya ta 8 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a ba dangi da marayu da miskinai da suka halarci rabon wani abu. Inda gizo yake saƙar shi ne, da zarar rai ya fita dukiya ta bar hannun mamaci ta koma ta magada. Baligi yana iya yafe rabonsa, amma babu mai ikon yin kyauta da rabon maraya. Idan kuma matar mamaci tana da ciki, Malikiyya sun ce a dakatar da rabon har ta haihu. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi suka mai zafi a kan sadakokin kwanaki ta fuskar bidi'a, amma hujjar haƙƙin maraya ta girmi wannan muhawara, kuma malaman ɗariƙa ma suna karanta ta a littattafan da aka ambata.

Littattafan malamai sun fi kowane kaya shan wahala. Rubutun hannu na wannan yanki warwaren takardu ne a cikin gafaka, ba a ɗinke suke ba, saboda haka rabo ko sayarwa yana iya tarwatsa taskar da aka yi shekaru ana tarawa. Waƙafi, wanda shi ne maganin wannan a ƙasashen Larabawa, bai yi ƙarfi a Arewacin Nijeriya ba, sai a baya-bayan nan da aka fara kafa masa hukumomi, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano a 2003.

7.0 Dillali da Gwanjo

Don a ga abin da yake tilasta sayarwa, a ƙaddara wani mai tirela a Dogo Nini ya rasu ya bar mata ɗaya da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da tumuni, uwa tana da sudusi, saura na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Lissafin ba ya fita daidai sai an kasa tarika 120: mata 15, uwa 20, kowane ɗa 34, 'ya 17. Mota ba ta kasuwa 120. Ko dai wani magaji ya saye ta ya biya saura, ko a bar ta tana aiki ana raba riba, ko a kai ta ga dillali. Malikiyya sun yarda a tilasta sayar da abin da ba ya rabuwa idan ɗaya daga masu tarayya ya nema, sun kuma ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a a gida da fili, wato ya riga bare saye.

Haɗarin wannan hanya shi ne gaggawa. Mai saye ya san kayan gado ne, ya san masu bashi suna jira, sai ya taya da araha, ga la'ada za ta fita. Wani lokaci mai kimantawa da mai saye bakinsu ɗaya. A ɓangaren mata, dillaliya ce take shiga gida-gida da zannuwa da tasoshi da kwanonin marigayiya, wasu kuma su ƙare a hannun 'yan gumama. A nan ma fiƙihu ya yi tanadi: idan aka yi jayayya a kan kayan ɗaki, abin da aka san na mata ne a al'ada na matar ne bayan rantsuwa, ba ya shiga tarikar miji.

Ita kuwa kalmar gwanjo ma'anarta ta faɗaɗa. Daga sayarwa a bainar jama'a ta koma sunan tsofaffin tufafin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, kasuwar da ta haɓaka bayan karyewar darajar naira daga 1986. Wani ɓangare na waɗannan tufafi kyauta ce da aka kai wa ƙungiyoyin agaji a can, har da kayan mamata, kafin a ɗaure su dila-dila a sayar. Wato sadakar wata ƙasa ta zama hajar wata. Yawan gwanjo ya karya darajar tsohuwar riga, har tufafi suka daina zama abin jayayya a gado, rigima ta koma kan gida da fili da mota.

8.0 Daga 1968 Zuwa Yau

A 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatocin jihohi. Potiskum ta kasance a Jihar Arewa maso Gabas daga 1967, sai Jihar Borno daga 1976, sai Jihar Yobe daga 1991, kuma Yobe tana cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga farkon shekarun 2000. Duk da waɗannan sauye-sauye, yawancin iyalai malamin unguwa suke kira ya yi musu rabo, sai an saɓa ake zuwa kotu.

Shekarun rikicin Boko Haram sun ƙara wa al'amarin nauyi. A ranar 2 ga Mayu, 2012, 'yan bindiga sun kai hari kasuwar shanun Potiskum, suka kashe mutane fiye da 30, suka hallaka dabbobi masu yawa. Cinikin shanu da baki da amana ake yinsa. Idan fatake da dillalai suka mutu farat ɗaya, wasunsu ma baƙi ne daga nesa, sanin wane ne yake bin wane yakan tafi tare da su, alhali bashi shi ne abin da shari'a ta ce a fara biya kafin wasiyya da gado. Haka kuma an sami sababbin nau'o'in tarika, kamar ajiyar banki da fansho, inda wanda aka rubuta sunansa a takarda a matsayin makusanci yakan ɗauka shi kaɗai ne magaji, alhali wakilci kawai aka ba shi.

9.0 Kammalawa

An ga yadda rabon mai mulki ya tashi daga gadon sarakunan Haɓe zuwa ushirar alƙali, da yadda sadaka da kasuwa suka riƙa sauya kama gwargwadon abin da yake da daraja a kowane zamani. Abin da bai sauya ba shi ne waɗanda suke asara idan aka karya jeri, wato mai takaba da 'ya mace da yaron da bai san abin da mahaifinsa ya bari ba. Ga masu nazarin harshe, akwai aiki a gaba: tattara kalmomin gado na Ngizim da Karekare da Bolanci a unguwanni irin su Dogo Nini, a kwatanta su da na Hausa, domin a gano waɗanda Larabci ya maye gurbinsu da waɗanda har yanzu dattawa suke riƙe da su.